Ɗinkin Waje Yake Kallo

Tun da ɓarin jikin Lucius ya shanye, bai sake taka shagon askin Cleavon ba. Hannunsa na dama ya daina iya ƙulla komai, gashin da ya yi shekaru yana lallaɓawa kuwa ya tashi buzu-buzu. Ya rantse abokansa ba za su gan shi haka ba.

'Yarsa Vernetta ce ta karɓi aikin. Kowace yamma takan shafa masa mai, ta bi da buroshi, sannan ta ɗaura masa durag ɗinsa, wani ƙyallen ɗaure kai na baƙin siliki mai dogayen igiyoyi, don gashin ya kwanta. Ranar farko da aka kwance, sai ga sawun ɗinkin ƙyallen ya tsaga kan tun daga goshi har ƙeya.

"Ke, titin jirgin ƙasa kika shimfiɗa mini?" in ji shi. "Ɗinkin waje yake kallo. Juya shi."

"To, Baba, ai da ka faɗa."

"Ni wa ya faɗa mini? Kakanki na kalla. Shi ko siliki bai samu ba, tsohuwar safar kakarki yake yankewa ya kwana da ita a ka. Da safe ya tafi kamfanin motoci, inda ake ce masa yaro da furfurarsa, amma ba wanda ya taɓa ganin kansa a hargitse."

Ta juya ɗinkin. Sannu a hankali ta koyi shimfiɗa igiyoyin don kada su bar sawu a goshi.

Wata Asabar ya ce ta ɗauko masa sandarsa.

Suna shiga shagon, Cleavon ya ajiye almakashi. "Wa nake gani? Lucius! Mu da har mun yi gwanjon kujerarka!"

"An ce ka koma tunkiya," in ji Ezell, tsohon abokin aikinsa. "Kwance mu gani, tsoho. Ko abin kunya ake ɓoyewa?"

Lucius ya juyo wa Vernetta bayan kansa, inda ƙullin yake. "Wadda ta ɗaura, ita ke kwancewa."

Ta warware ƙullin, ta zare silikin. Furfurar ta kwanta luf, layi bayan layi, kamar igiyar ruwa.

Ezell ya damƙi hannun kujera. "Ku riƙe ni, jama'a, ban iya iyo ba!"

Shagon ya kaure da ihu. Lucius ya dogara sanda, ya hau kujerarsa.

"Gefe kawai za ka gyara," ya ce wa Cleavon. "Kada ka taɓa mini aikin 'yata."