Ranar Da Aka Hana Ya Mabinti Kuka

"Ɗauke ƙafarka daga bakin ƙofata, Gibrila. Na ce ba zai fito ba."

"Ya Mabinti, Kansila ake ce mini yanzu."

"A can majalisarku. Ni na san ka kana yawo da majina har baki, na kuma san ka da adda a hannu. Da wanne kake so in kira ka?"

Kansila Gibrila ya waiga ya ga ko wani ya ji. An ji mana. Ya Yebu, maƙwabciyar Mabinti, tana zaune a barandarta da faifan shinkafa, tun ɗazu tsakuwa ɗaya take tsinta.

Ya sassauta murya. "Uwata, ki saurare ni. Gobe 'yan agajin nan masu farar mota za su zo. Famfo ne fa, ba riga da hula ba. Ko mu ko Mayola, gari ɗaya za a haƙa wa. Mayola suna da makaranta, suna da hanya. Mu me muke da shi in ba ni da mijinki Pa Sori ba? Ba sai ya taka ba. A kujera za mu ɗauke shi zuwa gindin rimi, ya ce kalma biyu, mu dawo miki da shi."

"Mutumin da ko ruwan shinkafa ba ya wuce masa maƙogwaro?"

"Ai hakan ma ya fi taɓa musu zuciya."

Bai gama rufe baki ba ta watso ruwan wanke-wanke a kan takalminsa mai sheƙi. Ya yi tsalle gefe, ya haye babur ɗinsa yana cewa za ta yi wa mai gari bayani.

Baƙo zai ce matar nan ba ta da kunya. To ga yadda abin yake. Ranar da 'yan tawaye suka shigo mana Rokanti, Gibrila yana cikinsu, ɗan garin nan, da jan ƙyalle a ka. Shi ya danne hannun daman Pa Sori a kan turmin Mabinti, shi ya sauke addar. Da yaƙi ya ƙare aka ce kowa ya ajiye bindiga a koya masa sana'a. Aka koya wa Gibrila kanikanci, aka ba shi akwatin kayan aiki, ya sayar ya sayi babur, ya yi acaɓa, ya shiga siyasa, ga shi yau da tumbi. Pa Sori kuwa hannun roba aka ba shi, fari sol irin na Bature, kuma na hagu. Yana nan rataye a bango, zanzaro ya yi gida a tafinsa.

Sai wata ƙungiya ta gano cewa mai sara da wanda aka sara masallaci ɗaya suke sallah. Shi ke nan. Aka kafa mana allo a bakin hanya, wai Garin Sulhu. Tun daga nan duk motar da ta tsaya, sai a shimfiɗa tabarmi a gindin rimi, Gibrila ya durƙusa ya kama ƙafar Pa Sori yana hawaye, Pa Sori ya dafa masa kai da dungun hannunsa, a tafa, a ɗauki hoto, a ci shinkafa da miyar ganyen rogo. Hawayen Gibrila ba sa makara. Wasu na cewa man zafi yake shafawa, ni dai ban gani da idona ba. Abin da sulhu ya kawo mana kuwa: allon nan, da riguna masu hoton tantabara a ƙirji, da zauren taro da awaki ke kwana a ciki. Ruwa dai yana nan a rafin bayan gari, inda ake wanki, ake jiƙa rogo, ake sha.

Mabinti ta koma ɗaki. Pa Sori yana kwance, ya rame ya koma kamar tsinken tsintsiya, idonsa biyu.

"Binti, kin jiƙa wa Kansila takalmi?"

"Kuskure na yi. Kansa na nufa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ta tallafe shi har ya lafa.

"Wai sau nawa na yafe wa yaron nan?" in ji shi. "Na yafe masa don Turawa, na yafe masa don matar minista, na yafe masa don masu rabon gidan sauro. Har ranar da aka zo rigakafin kaji sai da na yafe masa."

"A zuciyarka fa?"

"Wa ya taɓa tambayarta? Shi ma bai taɓa zuwa nan shi kaɗai ba, babu mota babu hoto, ya ce Pa, na cuce ka. Da ya zo ko sau ɗaya..." Ya ɗaga ido ya kalli kwanon rufi. "Binti, abu ɗaya nake so. Da raina na ba su jikin nan sun yi wasa da shi, saboda gari. In na tafi, kada ki bari ya taɓa ni. Ko makarata kada ya kama."

"Ka daina maganar banza, tsoho. Buɗe baki ka sha."

"Ki ce kin ji."

"Na ji."

Washegari tun da sassafe gari ya ɗauki haya-haya. Ana sharar gindin rimi, ana yanka kaji, an kori awaki daga zaure an wanke kashinsu. Da hantsi Mabinti ta fita ɗumama masa ruwa. Da ta dawo ta tarar ya tafi, bakinsa a ɗan buɗe, kamar akwai sauran wata tsokana da bai ƙarasa ba. Ta ajiye kofin. Ta yi salati, ta shafe masa ido, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa haɓa. Sannan ta miƙe, ta ɗora hannu biyu a ka, ta ja numfashi.

A Rokanti mutuwa ba ta zama mutuwa sai matar gida ta fasa ihu. Ihun nan ne ke tsayar da taɓarya a turmi, ya dawo da maza daga fadama, ya tashi kowane irin taro.

Tafin hannu mai warin albasa ya toshe mata baki. Yebu ce, ta shigo aron wuƙa.

"Don Allah, Binti. Don darajar iyayenki. Ki riƙe."

Mabinti ta fizge. "Kin haukace ne? Mijina ne ya mutu!"

"Na gani. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki. Amma kina fasawa taro ya watse, motar nan ta wuce Mayola." Ta kama hannun Mabinti. "Jikokina biyu na kai makwanci saboda ruwan rafin nan, ke kika yi musu wanka. Ga 'yata Isatu ta kusa haihuwa. Ki riƙe mini zuwa su ci abinci su tafi, ni da kaina zan taya ki har muryata ta dushe."

Kafin Mabinti ta sami abin cewa, Yebu ta leƙa waje ta yi wa wani raɗa. Ba a jima ba ga mai gari Pa Alimami, ga liman, ga Kansila a bayansu da sabuwar kwat. Suka tsaya a bakin ƙofa kamar masu neman bashin gishiri.

"Ya Mabinti," in ji mai gari, "Sori ya yi wa garin nan hidima da ransa. Ki bari ya ƙarasa."

Ta dubi liman. Liman ya dubi carbinsa. "Gaggawa ake so ga mamaci, gaskiya ne. Amma in aka kai shi kafin rana ta faɗi, ba a makara ba."

"Ashe har da kai, Malam."

Liman ya ci gaba da jan carbinsa. Daga nesa ana jin masu kiɗa suna gwada ganga.

"To zan riƙe," ta ce. Ta nuna Gibrila da leɓe. "Amma wannan ba zai tako ɗakin nan ba. Ku ce da baƙinku Sori ba shi da lafiya, yana barci."

"Wallahi, uwata, ko inuwata ba za ta shigo ba," in ji Kansila, ya lashi yatsa ya nuna sama.

Mai gari ya ce a kwance ɗankwalin nan daga haɓar, ko da wani zai leƙo. Ta kwance. Ta ja masa zane har wuya, ta zauna a gefen gado tana kore masa ƙuda.

Daga nan ta ji komai. Ta ji ƙahon mota, ta ji tafi, ta ji Kansila a lasifika yana ta zuba Turancinsa mai kama da ana jan kwano a kan dutse. Kukan yana nan tsaye a ƙirjinta kamar ta haɗiyi dafaffen rogo da zafinsa, bai wuce ba bai dawo ba. Rana ta take. Kwanon rufi ya ɗauki zafi, ƙudan suka ƙaru.

Sai ta ji hayaniyar tana matsowa. Ta miƙe ta tare ƙofa.

Wata doguwar Baturiya ce, fuska ta yi ja saboda rana, da tafintanta, da mai ɗaukar hoto. Bayansu rabin gari.

"Madam ta ce ba za ta iya tafiya ba ta gaida Pa ba," in ji tafinta. "Ta ga hotonsa tun a ƙasarsu."

"Barci yake."

"Ba za mu tashe shi ba, Mama."

Wa ya ce mata ga gidan, wa ya ce ta zo? Ku tambayi mai kwat. Don kuwa Mabinti na cikin magana da tafinta, Gibrila ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin hannunta, da tumbinsa da komai, sai ga shi durƙushe a gaban gado. Hawaye shar. Ya kama ƙafar ta saman zane. Sannan ya sa hannu ya lalubo dungun. Hannun ya fara sandarewa, bai biyo ba, sai da ya murɗa shi ya ja, ya ɗora a kan kansa, ya riƙe shi a nan kada ya zame.

"A buɗe taga, haske ya yi kaɗan," in ji mai hoto.

Wani ya buɗe.

Mabinti ta buɗe baki. Ihun ya taso har ya iso harshenta. Sai idonta ya faɗa kan matan da suka cika ƙofa. Yebu ta haɗa tafin hannu a ƙirji tana girgiza kai. Isatu na jingine da bango, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kan cikin. Duk sun sani, kowace ta sani, kowace tana kallon bakinta.

Ta rufe bakin. Ta haɗiye.

Baturiyar kuwa kuka take yi da gaske, baiwar Allah, har da jan hanci. Ta rungume Mabinti tana wata magana a hankali don kada ta tashi mara lafiya.

"Ta ce dubi yadda yake barci cikin natsuwa," in ji tafinta. "Ta ce haka mai yafiya yake barci. Allah ya ba shi lafiya, baɗi za ta dawo ta same shi a tsaye."

"Amin," in ji mai gari, da ƙarfi.

A wajen mota mai gari ya riƙe hannun tafinta ya tambayi zancen famfo. Tafinta ya ce Madam ta ji daɗi ƙwarai, za su rubuta, za a ji daga babban birni, Firitawun. Yanzu sauri suke, Mayola na jiran su da abinci.

Sai da ƙarar motar ta ɓace sannan Pa Alimami ya dawo yana share gumi.

"To, Ya Mabinti, Allah ya saka. Bismilla, yanzu ki yi kukanki."

Mata suka jeru a tsakar gida, kowace ta ɗora hannu a ka, suna jira ta fara su karɓa. Mabinti ta tsaya a tsakiyar ɗaki. Ta ja numfashi, ta buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Iska kawai, kamar an busa tulun da babu komai.

"Ki daure, Binti, ki fasa," in ji Yebu.

Kansila yana bakin ƙofa yana goge tafin hannunsa da hankici, yana sansanawa, yana tambaya ko akwai mai sabulu. Ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Likkafani a kaina yake. Kuma ni zan kama gaban makara, ai ɗan'uwana ne."

"Ajiye likkafaninka, za ka buƙace shi," in ji Mabinti. "Makara kuma, ka taɓa ka gani."

Liman ya yi gyaran murya ya ce a kawo ruwan wanka, rana na tafiya. Aka duba randar Mabinti, babu. Aka duba ta Yebu, babu. Duk ruwan da matan gari suka ɗebo tun asuba ya tafi a girkin baƙi da wanke zaure da yayyafa wa gindin rimi don kada ƙura ta taɓa Madam.

Mabinti ta sake ɗaure masa haɓa. Ta gyara dungun, ta mayar da shi ƙarƙashin zane, ta ɗauki bokiti.

"Kawo in ɗebo miki," in ji Yebu.

"Bari. Kin yi naki aikin yau."

Ta fita ta buga ƙofar kwanon da ƙarfin da ya sa matan suka sauke hannuwansu daga ka. Ta ratsa su ba ta dubi kowa ba, ta bi ta bayan gidaje ta gangara rafi. Ta ture ɓawon rogo da kumfar wanki, ta nutsa bokitin ta ɗago. Ruwan ja wur. Ta ajiye shi a kan dutse, ta zauna a gefensa, tana jira lakar ta kwanta.