Matakala Hamsin da Huɗu

Mai Agogo ya ja ƙwayar carbi ta ashirin da bakwai daidai lokacin da matarsa ta ɗora ƙafar hagu a kan matakala. Ƙafar ta yi rawa, sannan ta tsaya. Bai miƙa hannu ba, don tun a ƙasa ta gargaɗe shi: ga sandarta, ga ƙarfen riƙewa, kada kowa ya taɓa ta a gaban mutane.

"Umma, ga benci nan, ki huta," in ji babbar 'yarsu daga baya. Ma'aikaciyar jinya ce, shi ya sa uban ke kiranta Nas ko a gida. Tana rungume da gorar ruwa da kujerar naɗewa.

"Na ce miki na gaji ne?"

"Ba ki ce ba."

"To ki bar ni."

Tudun ba wani tudun a zo a gani ba ne. Yana bayan gari, inda bas ke juyawa a tasharsa ta ƙarshe. An zuba masa matakalar siminti, an kafa ƙarfe a gefe, an ajiye benci nan da can a ƙarƙashin itatuwa. Allon da ke gindinsa ya ce hanya ce mai sauƙi, ko wanda bai taɓa hawa dutse ba zai iya. Samari da 'yan mata cikin kambas suna wuce su da sassarfa, suna cewa sannu Mama, suna ɗaukar hoton kansu. Su abin wasa ne a wurinsu. Shi kuwa Mai Agogo zaman gidansa ne yake hawa tudun nan da sanda.

Wata huɗu ke nan da Umma ta yanke jiki ta faɗi a kicin, ɓarin hagu ya shanye. Da aka sallame ta daga asibiti, gidan Nas aka kai ta, domin can a ƙasa yake. Nasu gidan yana hawa na uku a wani tsohon bene, matakala hamsin da huɗu daga titi zuwa ƙofa. Shekara talatin da ɗaya suna hawa suna sauka ba wanda ya taɓa damuwa da su. Watan jiya ta gwada komawa. A ta goma sha ɗaya ƙafar ta ƙi, maƙwabta suka fito, aka sauko da ita a kan kujera kamar kayan wanki. Tun a mota ta ce kada a sake yi mata maganar benen nan.

Nas kuma ta yanke nata hukuncin. Umma za ta zauna a wurinta, a saki gidan haya a ƙarshen wata, Baba ya dawo ɗakin baƙi. Shi kuwa ya gwammace ya kwana a shagonsa tsakanin agogunan mutane da ya zauna a gidan suruki yana jiran a kira shi cin abinci. Amma ba wannan ne ya fi cin sa ba. Gidan ne ya yi shiru. Mutumin da ya shekara arba'in yana sauraron bugun agogo bai san cewa surutun matarsa ne ke gaya masa lokaci ba sai da ya daina jin sa.

Sau uku ya zo tudun nan shi kaɗai, da tef ɗin awo a aljihu. Ya auna tsayin matakalar: daidai da na benensu, bambancin bai kai faɗin yatsa ba. Ya ƙirga daga ƙasa zuwa dandalin farko inda ake tsayawa kallon gari, ya samu hamsin da huɗu cif. Sai ya je ya sami Nas.

"Idan ta hau da ƙafarta, ki ba ni matata."

"Idan ba ta hau ba fa, Baba?"

"Sai in tattara kayana."

Umma an ce mata shan iska za a je, likita ya ce a riƙa tafiya.

Ya ja ta talatin da shida. Gumi ya jiƙa mata gefen mayafi. Tana ɗora ƙafar dama, ta jawo ta hagu, ta tsaya ta yi numfashi uku, ta sake. Wata mata mai ƙiba ta zo saukowa, ta tsaya ta ce, "Saura kaɗan, Hajiya, wallahi in ni na iya kowa ma zai iya." Umma ta yi mata murmushi. Da matar ta wuce ta ce, "Ita da bakinta ta hau."

Mai Agogo ya ji daɗin wannan. In dai tana da ƙarfin yi wa mutane baƙar magana, da sauran ƙarfi a jikinta.

A ta arba'in da biyu sandar ta zame, ta kama ƙarfe da hannu biyu. A ta arba'in da biyar numfashinta ya fara fita da ƙara. A ta arba'in da takwas akwai benci. Ba ta tambayi kowa ba, ta zube a kai, ta rufe ido. Ƙafar hagun tana karkarwa ita kaɗai kamar ba tata ba.

Nas ta durƙusa ta kama mata hannu tana duban agogonta. Sannan ta ɗago ta dubi ubanta. Ya gane tambayar: matakala nawa aka hau?

Duk kasuwa an san Mai Agogo da abu ɗaya. Ba ya ƙara minti, ba ya rage minti. In agogonka ya mutu zai ce maka ya mutu, ka je ka jefar. Ya dubi matakala shidan da suka rage, ya dubi carbinsa, ya dunƙule shi a tafin hannu.

"Hamsin da huɗu," ya ce.

"Arba'in da takwas," in ji Umma, idonta a rufe.

Mai Agogo ya juyo ya dube ta.

"A benenmu, daidai tagar nan mai fasasshen gilashi ke nan. Na wuce ƙofar malamar makaranta, na wuce ta direba. Shida suka rage." Ta buɗe ido ta dube shi. "Malam, tun yaushe ka fara tasbihi da ƙafata? Ina ɗagawa kana ja, ina tsayawa kana tsayawa. Jikina ne ya shanye, ba hankalina ba."

Nas ta sunkuyar da kai tana danne dariya, hawaye kuma na taruwa mata.

"Kuma kai da tsufanka ka yi wa 'yarka ƙarya."

"Na yi," ya ce.

"Ba ka ma iya ba."

Ya zauna a ƙarshen bencin, ya bar tazara tsakaninsu kamar yadda ya saba a gaban yara. Iska tana kaɗa ganye. Daga nan ba a ganin komai, itatuwa sun tare.

"Ba zan iya ba, Malam," ta ce a hankali. "Na so in iya. Tun a mota na gane inda aka dosa, na yi shiru don ina so. Amma ƙafar nan ta gama. Ka haƙura ka zo gidan yarinyar nan. Mijinta ba ya cizo."

Yana juya carbin a hannu, yana duban takalmansa.

"To shi ke nan," ya ce. "Da ma gidanmu na so ki gani. Daga can sama ana hango shi."

"A cikin gidaje dubu nawa? Da wane idon?"

"Na sa alama."

"Wace alama?"

"Zaninki na shanya a baranda."

Ta juyo gaba ɗaya. "Wane zanin?"

"Mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Shi ya fi haske."

"Na cikin akwati? Na ƙasa, wanda na naɗe a farin ƙyalle?"

"Ina jin shi ne."

"Wanda na ɗaura ranar da Nas ta gama makaranta, ban sake ɗaurawa ba?" Muryarta ta canza. "Tun yaushe yake waje?"

"Tun Talata. Sai da na zo na duba ko ana ganinsa."

"Yau Lahadi."

"Haka ne."

"Kwana biyar a rana. Da ruwan da aka yi ranar Alhamis." Ta lalubo sandarta. "Nas, kin ji ubanki? Mutum ya iya gyara abin da ido ba ya gani, amma bai san rana na cin zani ba. Matsa min."

"Umma, ki bari numfashinki ya dawo."

"Ki matsa, in ga abin da ya yi min da idona."

Ta miƙe. Mai Agogo ya zura carbin a aljihu, bai sake ƙirga komai ba. Ta hau ta farko tana faɗin shekarun da ta yi tana adana zanin. Ta hau ta biyu tana tuna masa tukunyar da ya ƙona lokacin da ta je haihuwar auta. A ta huɗu maganar ta yanke, sai numfashi. Ta tsaya, kanta a ƙasa, hannunta a kan ƙarfe. Ba ta dube shi ba, ta dai miƙo gwiwar hannunta ta hagu gefe kaɗan. Ya kama. Bai ɗaga ta ba, bai ja ta ba, ya riƙe ne kawai. Nas ta kawar da kai tana kallon itatuwa kamar yau ta fara ganin itace.

Sai ga gari a shimfiɗe a gabansu, tun daga gadar jirgin ƙasa har hayaƙin masana'antu a can ƙarshe. Rufin kwano na walƙiya, motoci na rarrafe a kan titi kamar tururuwa, kogi ya ratsa ta tsakiya ya lanƙwasa ya ɓace. Umma ta jingina da ƙarfe. Shekara talatin da ɗaya tana cikin garin nan, ba ta taɓa ganinsa gaba ɗaya ba.

"Ashe haka yake da girma," ta ce.

Ya nuna mata da yatsa. Tankin ruwa, sai asibiti, sai ta gangaro dama kaɗan. A jikin wani bene mai launin toka akwai ɗigon rawaya, bai fi ƙwayar gero ba, yana motsi a iska.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce iska ce.

"Nas, gobe da safe ki kai ni in kwashe kayana kafin ya ƙarasa kashe shi."

"Umma, benen fa?"

"Na san ko nawa ne."

Nas ta dubi ubanta, ta buɗe kujerar naɗewa ta ajiye wa uwarta.

Mai Agogo ya tsaya a gefe, hannunsa a aljihu yana taɓa carbi. Sai yau da asuba ya fito da zanin daga akwati, ya shanya shi a ɓangaren da rana ba ta kaiwa sai bayan la'asar, ya maƙale shi da abin maƙala har shida. Ranar Talata tsohon tawul ɗinsa ya gwada da shi. Gobe, da zarar ta sa hannu ta taɓa zanin, za ta gane, kuma zai sha faɗa. Amma kafin ta taɓa shi sai ta hau hamsin da huɗu.