Bangon da Fenti Bai Kai Ba

Malam Muntaka na kan tsani da burushi a hannu fentin ya ƙare. Saura bango ɗaya, kuma shi ne mafi muni: baƙi ƙirin, duk shatin hannuwa.

"Sai da na ce maka galan uku ba za su isa ba," in ji matarsa Mairo, wadda ta kawo wa 'yan gayya kunu.

"Ke dai miƙo mini zanar can in rufe shi."

Tsohon injin gurzar audugar nan na bakin rafi shi ya haifi garin, don kafin a kafa shi babu komai a wurin sai gonakin dawa. Shekara arba'in ke nan da ya yi shiru. Yanzu 'yan gwangwan sun taya ƙarafan, kuma in ma'aikaciyar hukumar adana kayan tarihi ba ta sa hannu a takardar adana wurin a yau ba, ranar Litinin za a kwashe su. Malam Muntaka kuwa a nan ubansa ya yi aiki, a nan shi ma ya fara cin guminsa. Ya ce ba a tarbar baƙo da gida kaca-kaca. Ya tara gayya aka kankare tsatsa, aka shafe komai da shuɗi, har ƙusa ba a bari ba.

Da hantsi ma'aikaciyar, Hajiya Khairiyya, ta iso daga Kano. Ta zagaya wurin.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Mu ne, Hajiya," ya ce yana gyara hula.

"Ai tsufan muka zo gani. Kun mayar da shi kamar sabon shago. Me zan rubuta?"

Garin neman gira tsohon ya rasa ido, kuma da hannunsa.

Akuyar Mairo ba ta san ana wata magana ba. Ta sami zana sabuwa fil, ta kafa baki ta ja, zanar ta zube. Malam Muntaka ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Hajiya, a yi haƙuri, fentin ne bai kai ba."

"Hannuwan mene ne waɗannan?"

"Wasan leburori ne kawai. Ranar da mutum ya kama aiki sai ya tsoma hannu a baƙin mai ya manna. Wannan na Ikrima direba ne. Wancan ɗan ƙaramin nawa ne."

"Waɗannan biyun da ke jere fa? Ɗaya yatsu biyar, ɗaya huɗu."

Ya matsa kusa da bangon.

"Duka na Babanmu ne. Inji ya cinye masa yatsa. Da ya warke sai ya sake mannawa, wai don a san ya dawo."

Hajiya ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta ciro biro ta sa hannu a takardar. Ta ce ko tsintsiya kada ta ƙara taɓa wurin.

Mairo ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Da ka bi tawa ka sayi galan huɗu, da yanzu mun shiga uku."

"Shekara arba'in ina ƙin jin maganarki, yau ta yi rana," ya ce.

Da ita yake, amma bai juyo ba. Tafinsa na kan na ubansa, ya lanƙwashe yatsa ɗaya don su zo daidai.