Ƙayar Dinatu

"Ajiye butar nan, Tasalla! Kashe ta za ki yi?"

Ban san Dinatu tana kallona ba. Tana kwance a ƙofar ɗaki, ciwo ya cinye ta, ko koko ba ta iya haɗiya, amma idonta na kan tukunyar shukarta.

Shekara tara muna katanga ɗaya a Malumfashi. Shukar wata 'yar dunƙulalliya ce mai ƙaya, kamar dangin ƙerana, wadda wata nas ta bar mata lokacin da take wanki a asibitin mishan. Duk bazara sai ta fitar da fure ja jawur, matan unguwa su yi ta shigowa kallo. Sau uku Dinatu tana ɓallo mini 'ya'yanta, sau uku suna ruɓewa a hannuna. Ni da nake da lambun tumatir! Idan ta yi fure har daina shiga gidan nake yi.

"Yashi da rana take so," in ji Dinatu. "Ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas. Ke kin cika ɗoki."

Da ta kasa tashi, ni na karɓi aikin. Da safe in fitar da tukunyar rana, da azahar in jawo ta inuwa. Sati biyar ina tsoma yatsa a yashin kafin in ɗiga ruwa. Sai ga ƙullin fure har uku. Na kai mata bakin shimfiɗa.

"Uku," ta ce. "Ni ban taɓa samun uku ba."

Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Ta rasu ranar Laraba da hantsi. Washegari furannin suka buɗe, gida cike da 'yan gaisuwa. Matan zumunta na cocinsu suka kewaye tukunyar.

"Hannun Dinatu ke nan," in ji wata. "Ta tafi, amma dubi."

Ina tsaye da ƙwaryar kunu, ba wadda ta dube ni.

Na zaci ni za a bar wa. Ran uku sai 'yarta Judith ta naɗe tukunyar da ɗankwali.

"Inna Tasalla, kullum ake ba ta ruwa?"

"E" ta zo mini har baki. Na daɗe kafin na haɗiye ta, na gaya mata gaskiya: sai yashin ya bushe ƙamas.

Ta hau bayan babur ɗin mijinta, ta ɗora tukunyar a cinya. Ina ƙofar gida har suka sha kwanar hanyar Funtua, jan fure ɗaya yana leƙowa ta bakin ɗankwalin.