Tsuntsuwar Da Ta Sauka A Fadamar Roni

Tun da Kaumi ya dawo Roni daga yaƙin basasa mutane suka ce kansa ya taɓu. Ba ya duka, ba ya zagi, gonarsa kuma ba ta taɓa kwana da ciyawa ba. Laifinsa ɗaya: da ya idar da sallar asuba sai ya rataya madubin hangen nesan da ya zo da shi daga soja, ya gangara fadama ya zauna kallon tsuntsaye.

Ba wasu baƙin tsuntsaye ba ne ma. Kurciya ce, da balbela, da cilakowa mai tafiya kamar an taka mata ƙafa. Zalɓe kan tsaya cikin ruwa ya ƙame, Kaumi ya ƙame tare da shi har sai zalɓen ya cafki kifi, sannan Kaumi ya yi dariya shi kaɗai. Dariyar nan ita ta fi damun yayansa, Baba Kura.

Lokacin da arzikin mai ya buɗe, samarin gari duk sun kwarara birni. Baba Kura ya yi ta shige da fice har ya samo wa ƙanen nasa aikin gadi a wani kamfanin gine-gine a Kano. Ranar tafiya mota ta tsaya a bakin kasuwa, Daudu direba yana ta danna ham, babu Kaumi babu alamarsa. Baba Kura ya tattare babbar riga ya nufi fadama a fusace.

Ya tarar da shi a durƙushe cikin laka, ya kafa madubi a ido.

"Kaumi! Mota kai take jira!"

"Yaya, don Allah sassauta murya," in ji Kaumi, ko waiwayowa bai yi ba. "Duba can, bayan agwagwar ruwan nan, kirinjijiya."

Wata tsuntsuwa ce fara sol mai zanen baƙi a fiffike, ƙafafunta dogaye shuɗi-shuɗi. Bakinta siriri ne, kuma maimakon ya sunkuya ƙasa, sama ya lanƙwashe. Tana tafe tana share ruwa da shi dama da hagu. A lokacin yaƙi Kaumi ya bi dazuzzuka har bakin teku da bindiga a kafaɗa, bai taɓa ganin irinta ba.

Baba Kura ya fizge madubin. "Na zubar da girmana na roƙo maka aiki, kai kana nan kana kallon abin da ko miya ba zai yi ba? Gari duk ana yi da gidanmu. Wallahi yanzu na jefa shi ruwa!"

Kaumi ya miƙe, laka har gwiwa. Bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba, yau ma bai ɗaga ba.

"Jefa, Yaya. Idona na nan. A yaƙi an sa ni na ga abin da ban so gani ba, ba wanda ya tambaye ni. Yanzu ni zan zaɓa wa idona abin kallo. Ba zan je in zauna bakin ƙofar wani ina gadin buhunan siminti ba. Kano ba da ni ba."

Baba Kura ya ɗaga hannu, ya tsaya, ya dubi ƙanen nasa. Sai ya yar da madubin cikin ciyawa ya juya. Can suka ji motar Daudu ta tashi.

Gabar da ke tsakaninsu ta yi tsawo. Baba Kura ya daina amsa masa gaisuwa sai bayan babbar sallah, ko a sannan ma a daƙile. Kaumi bai fasa zuwa gaishe shi ba, bai kuma fasa zuwa fadama ba.

Tsuntsuwar ta yi 'yan kwanaki, ruwa na ja da baya ta tashi. Kaumi ya kwatanta ta wa masunta, ya kwatanta wa maharba, ba wanda ya san sunanta. Sai wata tsohuwa mai tallar nono, Adda, ta ce ta taɓa ganin mai irin bakin nan a wani tafki wajen Babura, tun tana budurwa.

Ranar kasuwa ta gaba Kaumi ya ɗaure gorar ruwa a bayan keke, ya kama hanyar Babura.