Katin Zailani Maje

A 1976, lokacin da arzikin fetur ke kwaso ɗaliban Arewa zuwa Landan jirgi-jirgi, Hambali ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwalejinsu. Allah ya zuba masa son nasara har ya yi masa yawa.

Dokar gasar kwalejoji a fili take: wanda ba ɗalibi ba, ba ya buga wasa. Gwanin Hambali kuwa, Almu, ko hanyar aji bai sani ba, direban wani attajiri ne a unguwar Lewisham. Sai Hambali ya miƙa masa katin Zailani Maje, ɗalibin da ya koma gida jinya. Katin ba hoto, ba kuma mai tambaya. Da ƙafar Almu suka kai wasan ƙarshe.

Ana nan aka kama wata kwaleji da irin wannan aron, hukumar gasar ta tsaurara. Yanzu kowane ɗan wasa sai ya tsaya gaban tebur ya faɗi cikakken sunansa, ya sa hannu. Kyaftin ɗin da aka samu da maguɗi kuwa, kora ce, a kuma rubuta wa gwamnatin da ta turo shi karatu.

"Zailani Maje kawai za ka ce, ka yi signing," in ji Hambali, yana gaya wa Almu a cikin bas, a hanyarsu ta zuwa fili. "Minti ɗaya ne."

"Yaya, wane ne Maje?"

"Baban Zailani mana."

Almu ya juya yana kallon taga. Bara mahaifinsa ya rasu, bai ko samu jana'iza ba. Hambali ya san da haka, amma kofi ya rufe masa ido.

A bakin fili, Mista Bernard, dattijon hukumar, ya ɗago biro ya tambayi Almu sunansa.

"Almu Abdulƙadir."

Almu ya waiwayo wajen Hambali, idonsa ya kaɗa.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ƙwallo na ce zan buga maka. Ban ce zan sake uba ba."

Hambali ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa, sai kunya. Mista Bernard ya dubi katin, ya ga suna ya bambanta, ya jawo sabuwar takarda ya ce kyaftin ya faɗi cikakken sunansa. Hambali ya faɗi nasa, ya tsaya. Na biyun, sunan mahaifinsa, tsohon da ya rako shi filin jirgin Kano da addu'a, shi ma a takardar korar za a rubuta shi. Ya faɗe shi a hankali, dattijon ya ce ya maimaita.