Shuɗiyar Rigar Ajan Thawin

Tun kafin motar ta gama tsayawa a gaban rumfa Wilai ta hango rigar. Ajan Thawin ya riga ya saka ta tun a cikin mota, a kan farar rigarsa mai dogon hannu, kamar wanda ke tsoron teku ta cim masa a kan kwalta. Rigar ceto ce shuɗiya, sabuwa fil, ko takardar kanti ba a cire mata ba. Da zai yarda, da an saka uwargidansa ma a ciki ba wanda zai matsu.

Kawu Manop, ƙanin mahaifiyarta, mai rumfar da kwale-kwalen roba goma sha biyun da ke jere a kan yashi, yana tsugune yana gyaran filafili. Ya ɗaga kai ya duba sau ɗaya, ya mayar kan aikinsa.

"Shi ne malamin naki? Katifa ya kawo talla?"

"Kawu, rufa mini asiri."

Shekara uku ke nan da ta gama jami'a ta dawo ƙauyen nan na Krabi tana fita da baƙi teku. Ajan Thawin, Ajan ɗin laƙabin malami ne a nan, shi ne shugaban sashensu, kuma shi ya koya musu darasin kiyaye lafiyar baƙi a kan ruwa. Zango guda cur yana nuna musu hotuna a bango, hotunan da ɗaliban da suka gabace su suka rantse su ma su aka nuna musu. Ta haddace, ta zubar masa a jarrabawa, ya ba ta maki mafi girma a aji. Yanzu tana neman gurbin ƙaro karatu a fannin teku, kuma ba a duba takardun kowa sai da wasiƙar shugaban sashe. Saura kwana tara a rufe. Saƙo uku ta tura masa, na ukun ne ya amsa da cewa zai zo hutu da iyali, sai su yi magana a can. Abin da ya sa ke nan Kawu ya kori baƙi shida masu biya, ya ware kwale-kwale huɗu kyauta, yana tsaki tun jiya.

Wilai ta haɗa tafukanta a saitin hanci ta sunkuya. Ajan ya ɗan gyaɗa kai. Bayansa uwargidansa Pranom ta fito, 'yar gajera mai fara'a, sai ƙananan malamai biyu na sashen, ɗaya riƙe da jakar Ajan, ɗaya riƙe da lemarsa. Ba a tambaye shi ba ya shiga ba da tarihin rigar. Kanti uku ya shiga a Bangkok. Shi haihuwar Juma'a ne, a al'adarsu kuwa shuɗi ne launin ranar, don haka shi ne launinsa, motarsa shuɗiya, alƙalaminsa shuɗi, bai taɓa shiga wani babban al'amari da wani launi ba, balle teku. A kanti na ukun ne ya sami shuɗiya, ita kaɗai ta rage, kuma mai kantin ya tabbatar masa tana iya ɗaga mutum mai kilo ɗari da hamsin. Kuɗinta bat dubu huɗu. Ya kalli rigunan Kawu masu ruwan lemo da ke rataye a igiya, rana ta cinye launinsu, ya ce shi ba zai saka abin da hamatar duniya ta gama jiƙawa ba.

Nauyinsa bai fi kilo sittin ba, har da agogo.

Wilai ta ƙare wa rigar kallo. Rigar doguwa ce har ƙugu, irin wadda aka ɗinka wa masu zama a jirgin ruwa mai inji suna shan iska. Da zarar ya zauna a kwale-kwale kujera za ta turo ta sama. An ja maɗauran gefe har ƙarshe, duk da haka da za ka zura kwakwa tsakanin ƙirjinsa da rigar da ta wuce salin-alin. Idan ya faɗa ruwa rigar za ta yi sama, shi ya yi ƙasa. Ga launin kuma. Tsakanin gaɓa da tsibirin da za su akwai mashigin da jiragen masunta ke ratsawa a guje, kuma direbobinsu ruwan lemo idonsu ya saba nema. Shuɗi a kan shuɗi, ko uwar da ta haifi mutum ba ta hango shi.

Ta fara da sauran. Aikin ba wuya: a zaɓi gajeriyar riga mai faɗin hannu, a ja zif, a ɗaure daga ƙasa zuwa sama, sannan a kama kafaɗun rigar a fizga sama da ƙarfi. In ta tsaya a inda take, ta yi. In ta haura kunne, a sake wata. Ƙananan malaman sa'o'inta ne, ta fizge su ba ko tunani. Da ta zo kan uwargida Pranom sai ta tsaya tana neman afuwa, matar ta yi dariya ta ce ta ja abinta, ita ba ta shirya zama abincin kifi ba.

Saura Ajan. Nan hannunta ya ƙi tashi.

Tun tana rarrafe aka koya mata ba a wuce babba a miƙe, ba a miƙa hannu sama da kafaɗarsa, kansa kuwa ko inuwar hannu ba ta giftawa. Wannan mutumin dai, a ranar girmama malamai, da gwiwoyinta ta ja jiki a kan dandamali ta miƙa masa furanni, shekara huɗu a jere. Shi ne yau za ta kama wa kafaɗa ta girgiza kamar buhun shinkafa.

Sai ta bi ta bayan gida. Ta ce riga mai kyau haka ai asara ce a jiƙa ta da ruwan gishiri. Ya ce don haka aka saye ta. Ta ce yau ruwa ya cika, hanyar cikin itatuwan bakin ruwa ta fi kyau, akwai birai, ga inuwa, zurfin bai wuce ƙirji ba. Ya ce birai sun ishe shi a wurin aiki, tsibiri ya zo gani, ya riga ya gaya wa mutane. Ƙananan malaman suka yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar. Wilai ta lura ɗayansu, mai riƙe da lema, ya kalli faɗin rigar, ya kalli teku, sannan ya sunkuya ya duƙufa a kan wayarsa. Ya gani sarai. Yana jiran ƙarin girma ne.

Ta zagaya bayan rumfa ta sami Kawu, ta roƙe shi a hankali ya je shi ya gwada rigar a jikin Ajan, tunda ya girme masa. Kawu ya tofar da tsinken da ke bakinsa. Ya ce shi aji huɗu ya yi, bai isa ya taɓa mai ilimi ba. Kuma ba shi ke neman wasiƙa ba.

"Ke za ki fita da su, ba ni ba. In kin ga ya yi, ya yi."

Ta tsaya ta kalli ruwan. Kwance yake kamar faranti, ko iska babu. Minti arba'in zuwa, minti arba'in dawowa. Za ta jera kwale-kwalenta da nasa, ba za ta ɗauke ido daga kansa ba. Cikin baƙi ɗari da wuya uku su kife. Ta ji yadda hujjojin ke zuwa mata a jere, kowace da tsabtarta, irin na mutumin da ya riga ya yanke shawara yana neman wanda zai sa masa hannu. Ta raina mai lemar nan, ga shi tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai taku ɗaya ba. Duk da haka ta juya ta ɗauko filafilai, da niyyar a tafi a haka.

Da ta dawo ta tarar Ajan ya buɗe aji. Ya tsaya a gaban kwale-kwale, hannu ɗaya a baya, yana yi wa matarsa da ƙananan malaman bayanin yadda ake zaɓen rigar ceto. Ya ce mutanen ƙauye ba su san ƙa'ida ba, abin da suka gada kawai suke yi, shi ya sa ake buƙatar masu ilimi su riƙa saukowa. Babban abin dubawa, in ji shi, shi ne yawan nauyin da riga ke ɗauka. Sai ya juyo.

"Ga ɗalibata nan, ita ta yi na ɗaya a darasina. Wilai, gaya musu. Na zaɓa daidai ko ban zaɓa ba?"

Da shiru ya bar ta ta yi, da ta yi masa shirun har tsibiri. Amma ya ce ta buɗe baki ta faɗa, a gaban Kawu, a gaban rigunan da take wankewa kullum. Ta ajiye filafilan a kan yashi. Ta haɗa tafukanta, wannan karon har goshi.

"A gafarce ni, Ajan."

Ta kama kafaɗun rigar ta ɗaga. Ba ta ma sa ƙarfi ba. Rigar ta zame sama sumul, ta wuce haɓarsa, ta kwashe tabaransa, ta haɗiye kunnuwansa, har sai da ba a ganin komai sai tsakiyar sanƙonsa da hannuwa biyu da suka miƙe gefe. Daga ciki aka ji muryarsa, ba a gane abin da ya ce ba.

Ba wanda ya yi dariya sai uwargida Pranom, ita ma sau ɗaya, ta toshe da tafin hannu. Mai lema ya tsinci tabarau yana goge shi da gefen rigarsa kamar ransa ne a ciki. Wilai ta saki, rigar ta sauko a hankali. Fuskar da ta fito daga ciki ba ja ta yi ba, fari ta yi.

Ta ce, idonta a ƙasa, haka ruwa zai yi masa, sai dai ruwa ba ya saki. Ta ciro gajeriyar riga daga igiya, mafi sabunta a cikinsu, ta miƙa da hannu biyu. An ɗan jima kafin matarsa ta karɓa ta saka masa, ta ɗaure, ta kama kafaɗun da kanta ta ja. Rigar ba ta motsa ba.

Suka tafi. Ba abin da ya faru. Ko igiyar ruwa ɗaya ba ta taso ba, jirgin masunta ɗaya ne ya gifta, shi ma can nesa. Ajan ya riƙe filafili a juye tun daga gaɓa har tsibiri, Wilai ta gani ta bar shi. A tsibirin suka ci shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza da mahaifiyarta ta tashi da asuba ta shirya, ya ci cinya biyu bai ce da daɗi ba. Da aka zo ɗaukar hoto ya cire rigar ya ajiye bayan dutse. Suka dawo rana tsaka, ko gefen wandonsa bai jiƙe ba.

A bakin mota ya tsaya yana goge wuya da hankici. Ya ce wa ƙananan malaman, ba ita ba, ai ga shi an je an dawo lafiya, da wace rigar ce ma duk ɗaya ne. Suka ce ƙwarai kuwa. Wilai ta san in ba ta tambaya yanzu ba, ba sauran wani lokaci. Ta matso ta sunkuya ta tuna masa zancen wasiƙar, da kwana taran da suka rage.

Ya dube ta a karo na farko tun safe, da murmushi mai kyau, irin wanda yake yi wa iyayen ɗalibai ranar yaye. Ya ce watan nan ayyuka sun yi masa yawa. Ta tuntuɓi ofis bayan hutu.

"Ke da kika riga kika san komai, 'yata, me za ki je ki ƙara koyo?"

Ta gode masa. Ta tsaya da tafukanta a haɗe har motar ta hau kwalta, uwargida Pranom na ɗaga mata hannu ta taga, ita kaɗai. Kawu ya zo ya tsaya kusa da ita yana kallon ƙurar. Bai yi mata jaje ba, bai kuma yaba mata ba. Ya ce akwai baƙi takwas da ƙarfe biyu, biyu daga cikinsu manya ne ƙwarai, ta duba ko manyan rigunan sun bushe.